Tambayoyi Uku

Daren Laraba a Sheffield, ruwa na tsiyaya a jikin taga.
Na dawo daga tuƙin bas, ƙafata duk ta sage,
na tarar Suwaiba ta baje takardu a kan teburin kicin,
ta ture kwanon tuwona gefe.

Jibi jirginta zai tashi.
Ƙasar da za ta, ko a rediyo
ba a ambatonta sai da adadin gawa.
Ita kuwa ungozoma ce. Ta ce can ma haihuwa ake yi,
kuma naƙuda ba ta jiran a tsagaita wuta.

Ta karanto mini abin da aka gindaya musu:
kada ki bi hanya guda kwana biyu a jere,
kada mai shago ya san ranar tashinki,
mota ta kwana da mai, goshinta na kallon ƙofa.
In an tare ku a shinge, cire tabarau,
hannu a kan gwiwa, inda mai bindiga zai gani,
kada ki riga shi dariya.
Fasfo a ƙugu, kwafinsa a cikin takalmi,
rukunin jini a rataye a wuya kamar laya.

Na ce ai duk na san wannan,
ni da na shekara tara ina jan tirela
tsakanin Funtuwa da Tegina da tsakar dare.
In kin ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.
Ta ce, Baba, saura shafi ɗaya.

Layi uku ne, fari fat.
Tambaya uku ake so
wadda duk duniya ita kaɗai ta san amsa,
don in wata rana waya ta yi ƙara,
baƙuwar murya ta ce tana hannunmu,
a tambaya,
a ji ko da sauran numfashi.

Biro ya yi mini nauyin taɓarya.

Na rubuta ta fari: wane suna kakarki ta laƙaba miki?
Ta-Ƙanƙara,
don daren haihuwarki fari ya rufe titin asibiti,
tsohuwa tana Malumfashi, a waya aka ba ta labari,
ta yi ta mamakin ƙasar da sama ke zubar da gishiri.

Ta biyu: me kika shuka a gwangwanin madara kina 'yar bakwai?
Ƙwallon dabino.
Kullum kina yi masa magana da Hausa
don kada ya ji shi baƙo ne.
Bai fito ba.

Ta uku na fara: me mahaifiyarki ta ce miki
ranar da...
Ta dafe takardar da tafin hannu.
Ta ce, kada ka sa abin da zai sa ni kuka a gabansu.

Muka yi shiru. Firij na gurnani.
Can ta ce, rubuta:
sau nawa Baba ya faɗi jarrabawar tuƙi a Ingila?
Na ce sau biyu.
Ta ce, wannan takarda ba ta ɗaukar ƙarya, rai ne a kai.
Na sunkuyar da kai na rubuta huɗu.
Ta yi dariya har da riƙe ciki,
ni ma na yi, da abin da ya rage mini na murya.

Ranar Juma'a na raka ta tashar jirgin ƙasa.
Na karanta abin da zan karanta, na tofa a kafaɗarta,
na sake duba zif ɗin jakar, ko da na san a rufe yake.

Yanzu da asuba nake fito da bas daga gareji,
in hau tudun Crookes, in gangaro,
ina ce wa kowane fasinja sannu da harshensu.
Waya tana aljihun ƙirji, dab da zuciya.
A kowace jar danja leɓena na motsi:
suna, dabino, huɗu.
Ina haddace tambayoyi
ina roƙon Allah ya sa in tsufa ban yi su ba.