Sa Hannu

A ofishin ƙungiyar manoma, nan Aliero,
inda warin albasa ke shiga har cikin takardu,
ranar Talata aka kawo mana abokin aiki
wanda bai yi sallama ba.

Ƙirƙirarriyar basira, in ji yaron da ya zo daga Birnin Kebbi.
Ka zuba mata sunaye, kadada, bashin bara,
ta tace maka waɗanda suka cancanci taki
kafin shayinka ya huce.
Shekara tara ina kwana a kan lissafi
har bakwai ta fara yi mini kama da ɗaya.
Na yi murna, ban ɓoye ba.

Malam Arzika, ma'ajinmu,
ya ture takardar da gindin alƙalami
kamar mai kore kunama daga tabarma.
"Shafi'u, wanga jeri, wa ya yi shi?"
Na ce na'ura.
"To, na'ura ta sa hannu.
Ni ban sa ba.

"Aiki da niyya yake. Ina niyyar wagga aba?
Ba ta alwala, ba ta tsoron kabari,
in ta zalunci bawan Allah barci ba ya ƙaurace mata.
Ran da za a rufe bakuna, hannuwa su yi magana,
wanga hannu nawa za a kira,
ba waya ba."

Na ce, Malam, ai mudu ma ba ya salla,
da shi kuma kake fidda zakka.
Ya ce, "Ni ke cika mudu, ni ke share bakinsa.
Mudu bai taɓa ce mini wane bai cancanta ba."

Ya sauke yatsa can ƙasa, kan jan layi:
Nomau na Ɗanwarai, bai biya bara ba.
"Gaskiya ta faɗa, bai biya ba.
Ta san albasarsa ta ruɓe a rumbu?
Ta san ya sai da sa guda da yake da shi
ya sauke bashin ƙanensa kafin a kai shi makwanci?
A wane gurbi za ka zuba mata wannan?"
Na duba allon sama da ƙasa,
ban ga gurbin ba.

Amma akwai wani layin, na yi ta juya shi a baki
har aka kira la'asar.
Suna ɗaya, sau biyu, da rubutu iri biyu,
buhu takwas maimakon huɗu, shekara uku a jere.
Surukinsa ne.
Ta ƙarƙashin alƙalaminsa ya bi ya wuce,
na'urar ce ta gani, mu ba mu gani ba.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Ya ƙirga da yatsa. Ya sake ƙirgawa.
Na ji istigfari yana fita ta tsakanin haƙoransa.
"Wannan ma ni za a tambaya," ya ce,
ya soke sunan da hannunsa.
Na zaci zai yi wa na'urar godiya.
Bai ko dube ta ba.

Washegari ya naɗe jerin cikin aljihu, ya hau babur,
duk mai jan layi sai da ya zauna a ƙofar gidansa.
Kwana tara. Iri yana tsufa a bedi,
manoma suna zaginmu a rumfar mai shayi,
wasunsu kuma ba su yi ƙarya ba.

Nomau ya sami buhunsa.
Mutum biyu na'ura ta hana, Malam ma ya hana.

Ni har yau ina aiki da ita.
Ina yin bisimilla kafin in taɓa madannai,
ban san iyakar inda take kaiwa ba.
Daren jiya, ofis ba kowa, na rubuta mata:
in kin yi kuskure, wa zai ɗauka?
Ta amsa da ladabi, wai tana iya kuskure,
in duba da kaina kafin in sa hannu.

Na daɗe ina kallon tafina.
Ban faɗa wa Malam ba.