Daren da Aka Ɗauke Wuta a Samaru

Ni ne Cindo na Tukur-Tukur,
kalanguna na mahauta ne.
Shekara talatin ina yi wa masu wuƙa kiɗa
a bakin kasuwar Tudun Wada,
ladana tsoka, ranar tsiya ƙashi da ɓargo.

Sai ga yaro da takarda:
wai bikin kiɗan duniya a Samaru, kwana uku,
wai akwai baƙi daga inda rana ke ƙin faɗuwa.
Na ce to, kunne ya girmi kaka,
amma ido ma yana son rabonsa.

Aka haɗa ni da wata Solbe,
ko dai haka bakina ya iya.
Gogenta ya kai tsayin ɗiyata Tabawa,
ta rungume shi tsakanin gwiwoyi
kamar mai lallashin maraƙi.
Takardunta cike da ɗige-ɗige,
tsuntsaye jere a wayar lantarki.

Ranar farko ba mu jitu ba.
Tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu,
ni kuwa ban taɓa ƙirga sawuna ba.
In na matse tsarkiya na saki,
sai ta tsaya, ta dubi tafinta:
"Ina ɗayan yake?"
Na ce a gaya mata ya tafi cefane.

Kwana na biyu ruwa ya kwana zuba.
Fata ta saki, na kai ta garwashin mai shayi.
Ita ma katakonta ya sha raɓa, ya kamu da mura.
Muka tsuguna a wuta ɗaya,
kowa na jinyar abin da ke ciyar da shi.
Nan ta yi dariyar da ba ta nemi tafinta ba.

Daren wasa fili ya cika,
ɗalibai, 'yan acaɓa, masu gyaɗa,
har Jatau mahauci da hularsa ta Juma'a.
Ba mu yi nisa ba, ɗif!
Janareta ya yi tari biyu, ya haƙura.
Tsuntsayenta suka watse cikin duhu.

Na ji numfashinta.
Na ji kwaɗin Kubanni sun karɓe fili.
Sai na ɗora gula a hankali,
na kira taken da babana ya bar mini,
wanda ake yi in an kayar da sa.
Ta laluba, ta kuskure.
Ta sake lalubawa.
Can sai gogen nan ya buɗe ƙirji,
ya amsa da muryar bijimi a turke,
doguwa, mai nauyi, har cikin haƙarƙarina.
Jatau ya miƙe yana rantsuwa
sunansa ya ji an ambata.

Babu wanda ya ƙirga komai.

Da safe yaron ya dawo da wata takardar.
"Wane ne mai wannan kiɗa?" Layi ɗaya, gajere.
Na ce na babana ne,
shi ma a hannun Nomau gurgu ya tsinta,
rabi na Jatau ne tun da shi ake kira,
kwaɗi ma ba a zaune suka kwana ba.
Ya ce layin ba zai ɗauka ba.

A allon ƙofa sunanta ya yi ƙato,
can ƙasa an sa: "da makaɗan gargajiya."
Ta ari biro, ta soke,
ta rubuta nawa da kuskure ɗaya.
Na bar shi haka.
Ni ma ban iya nata ba.

Ta tafi ranar Talata ta Kwangila,
gogen ya ci kujera guda a mota.
Na koma bakin rumfa, ga ƙudaje, ga wuƙaƙe.
Jiya Jatau ya ɗago daga kan cinya:
"Cindo, kalangun nan ya koyi nawa.
Kana kira, sai ka dakata.
Wa kake jira?"

Na ce yanka namanka.