Bakan Gizo

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaura bakan gizo a Birni,
azara bisa azara, igiya, laka,
har soro ya tsaya da kansa babu ginshiƙi.
Sai ga tafin ƙafata,
Allah Ya shimfiɗe shi kamar faifai,
ko ɗan kwarmin da tururuwa za ta fake babu.

Tun ina yaro na sani.
In mun fito daga tabki da damina,
sawun kowa da gibi a gefe kamar an gutsuri waina,
nawa cikakke, ba a taɓa ba.
Inna ta ce, "Ƙafar agwagwa, gadon kakanka ce,
da ita ya je Agadas ya komo."
Ba ta gaya mini yadda yake kwana ba.

Ciwon ba ya sallama.
Da asuba yake jirana bakin gado,
takun farko, ƙayar aduwa a dunduniya.
Kafin azahar ya hau idon sawu ya zauna,
agara ta ɗaure kamar tsirkiya,
in sauko daga tsani ina lissafin matakala
kamar mai biyan bashi.

Na sayi man zafi a Kasuwar Dole, gwangwani huɗu.
Wanzami ya kafa mini ƙaho,
jini ya fita, kuɗi suka fita,
baƙon nan bai ko gyara zama ba.

Madam Fanna ta gidan likita
ba ƙafar ta fara dubawa ba, silifana ta ɗauka.
Ta juya shi, ta nuna mini inda ya cinye ta ciki.
"Sarkin aiki, in bango ya karkata,
rufi kake tuhuma ko tushe?"
Na yi shiru.
Ban taɓa jin kunyar da ta kai wannan daɗi ba.

Ilu baduku, can kusa da majema,
ya tsayar da ni kan takardar buhun siminti,
ya zagaye ƙafar da gawayi yana tsaki.
Ya jera fata bisa fata, ya fiƙe, ya ɗinke,
ya cusa cikin takalmi mai riƙe diddige.
Na farko ya yi tudu, kwana biyu ina ɗingishi.
Na biyu ya kwanta.
Na uku, da na taka,
sai na ji abin da soro ke ji
ranar da aka ɗaura masa baka.

Yanzu cuɗa ƙasa na bar wa Lawali,
ƙafarsa sabuwa ce.
Na rage loma, Habsu ta ce fushi nake da tuwonta.
Da magariba in wuta ta yi mutunci
ta kawo kwalbar ruwa mai ƙanƙara,
in murza ta ƙarƙashin tafi, gaba, baya.
In dafa bango in miƙe agara,
ina tura ginin da ni na yi,
ba ya motsi, alhamdu lillahi.
Sannan tsakuwa: in tsinta da yatsun ƙafa in jefa a kwano,
jikata Nana Aisa tana ƙirgawa,
tana sace biyu don in sake.

Ban warke ba. Sulhu muka yi.
Yana zuwa ranar da na yi taurin kai,
ranar da na hau duwatsu don gajarta hanya.
Sauran ranaku yana can nesa, kamar hadarin da ya bi Mirriya.

Jiya yarinyar ta taka ɗanyen daɓe a guje.
Na ɗauko madaɓi zan shafe,
sai na tsaya.
Sawu ƙarami, cikakke, babu gibi.

Na bar shi ya bushe.
Gobe Asabar, Ilu yana buɗewa da hantsi.