Gurbi Na Goma Sha Shida

An ɗauke wuta a Unguwar Rimi,
na kunna fitilar waya, na jawo alƙalami.
Ashirin da uku suka zo gwaji,
albashin sha shida Alhaji ya buga wa hatimi.
Bakwai za su koma gida da gora a kafaɗa,
ni zan faɗa musu, ba ɗan aike, ba hadimi.

Giɓin nan na bakina ƙwallon gora ta yi shi,
a filin Murtala, tun kaina na da gashi.
Na tofar da haƙori na koma tsakiya.
Har yau ban sani ba, jarumta ce
ko tsoron gurbina wani ya gaje shi.

Wata shekara na tara gwanaye zalla,
masu bi da ƙwallo kamar zare a kafar allura.
Muka je Jos, aka kwana ana ruwa,
kafaɗa biyu aka yi musu, kowa ya nemi rakuɓa.
Huɗu da nema muka kwaso.
Har Saminaka ba wanda ya yi tari a mota.

Na ce na gane. Na ɗebo ƙarti,
kowa wuya kamar turmi.
Alƙalin wasa ya gaji da zaro kati,
mu takwas muka rage a fili,
ga ƙwallo a gabansu, su ƙwaurin mutum suke nema.

To bana ga takarda.
Habila a raga, ba ya ƙifta ido.
Tukur da Istifanus a baya,
ɗan Rigasa da ɗan Sabon Tasha,
gada ta raba musu unguwa, layi ɗaya ya haɗa su.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa, sha biyar.
Saura gurbi guda, saura mutum biyu.

Nafi'u ɗan tela ne daga Tudun Wada,
iska mai ƙarfi sai ta nemi kada shi,
amma in gora ta shiga hannunsa
sai mutum uku su tsaya suna neman inda ya bi.
Kefas mai walda ne a Panteka,
in ya kafa ƙafa, sai dai ka kewaye shi,
sai dai bugunsa, Allah kaɗai ya san inda za shi.

Ɗazu da la'asar suka haɗu a bakin da'ira.
Na ji ƙarar tun daga benci.
Nafi'u a ƙasa, gira ta tsage, jini har haɓa.
Na ce shi ke nan, takarda ta yanke hukunci.
Sai yaron ya dafa gora ya miƙe,
bai dubi kowa ba, ya ce a ba shi ƙwallo.
Kefas kuwa, da na ɗauka dutse ne,
ya yage hannun rigarsa ya ɗaure masa goshi,
ya koma bayansa ya tsaya,
duk mai son taɓa ɗan tela sai ya fara bi ta kansa.
Minti goma suka yi haka. Ƙwallo biyu a raga.

Shekara talatin ina auna tauri da faɗin ƙirji.
Ashe ma'aunina ne ke da giɓi.

Na koma saman takarda, lamba ta tara:
Mubashshir, ɗan ƙanwar Alhaji,
takalmi sabo, gora 'yar waje,
rigarsa ba ta taɓa sanin ƙasa ba.
Na daɗe ina kallon sunan.
Na tuna kuɗin haya, na tuna kuɗin makaranta.

Na ja layi.
Na rubuta biyu a inda ɗaya ya tashi da inda ba kowa.
Cajin waya saura kashi huɗu.
Gobe da sassafe za ta yi ƙara,
na san mai kira, na san abin da zai ce.
Bari in sha shayina tun da sauran zafi.