Kafin Ya Ɗumama

Asubahin Asabar muka isa kasuwar Marijampole,
ni da babana Bronius, da tocila a aljihu.
Dusar ƙanƙara ta rufe farashin da ke jikin gilasai,
dillalai na buga ƙafa, suna hura tafin hannu.

Ya ce, "Ramune, kafin ki gaida mai mota,
ɗora hannunki a bonet.
In kin ji ɗumi, mu yi gaba.
Wanda ya ɗumama inji kafin mai saye ya iso,
akwai tarin da ba ya so a ji."

Ta huɗu muka tarar da sanyi kamar dutse.
Doguwa, ruwan toka, kujera bakwai:
wurin yara uku, da keken jariri,
da sandar da baba ya ƙi yarda tasa ce.

Kestas, mai ita, ya rantse da kabarin uwarsa:
"Wani tsohon Bajamushe ne ya riƙe ta,
daga gida sai coci, daga coci sai gida.
Kilomita dubu ɗari da tamanin, ga mita nan."
Baba ya ce, "Lallai cocin na da nisa."

Na murɗa makulli rabi, yadda ya koya mini,
na jira 'yar fitilar nan mai kama da naɗin waya ta mutu,
sannan na tayar.
Ta yi tari biyu, ta kama.
Farin hayaƙi ya fito ta salansa,
ya watse kafin in ƙirga goma.
Da shuɗi ne, da tana shan baƙin mai,
da baƙi ne, da nozul ya gaji.
Wannan numfashin safiya ne kawai, irin na kowa.

Shekara arba'in a gareji sun cinye kunnen baba,
yanzu da haƙora yake ji.
Ya zaro dogon sukundireba daga kwat,
ya kafa tsinin a kan inji, ya ciji mariƙin,
ya rufe ido.
Gashin bakinsa na rawa da sulo.
Silinda ta ɗaya, ta biyu, ta uku.
A ta huɗu ya daɗe.

Ni kuwa na durƙusa, na haska ƙasa.
Robar kuloci ta cinye har ƙarfe ya leƙo,
sitiyari ya yi sulɓi kamar ƙotar tsohon gatari,
can jikin ƙofa, inda soso bai kai ba,
ga 'yar takardar juyen mai da rubutun biro:
dubu ɗari uku da goma sha biyu. Bara.

Na nuna wa Kestas. Ya dubi sama,
ya ce sanyin bana ya yi yawa.

Na ja hannun baba, na ce mu tafi.
Ya tofar da ɗanɗanon roba, ya ce, "Tsaya.
Mutumin ne ya yi ƙarya, injin bai yi ba.
Wanda ke juye mai har ya rubuta rana
bai wulaƙanta dizal ba.
Bel ɗin taimin za ki sake, da matatar mai,
fulogin ɗumi ɗaya ya mutu, na huɗun.
Zare masa yuro ɗari tara, kuɗin hanyar coci."

Aka zare bakwai. Muka sa hannu a kan but,
biro na daskarewa, ana hura masa baki.

A hanyar Kaunas hita ta fara aiki,
warin karen wani da tsohuwar taba ya taso.
Baba ya jingina kai da gilashi, barci ya ɗauke shi,
sukundireba a cinya.
Talata a wannan motar zan kai shi asibiti.
Na san abin da zai gaya wa likita:
ba ya tari, ba ya haki, matakala ba ta dame shi ba,
daga gida sai coci.
Ni ce ke jin sa da asuba, ta bayan bango,
kafin ya ɗumama.

Na sassauta totur, na kasa kunne.
Ƙarƙashin bonet huɗu na bugawa,
a gefena ɗaya.