Ƙasan Huhu

Ban zo ran Lahadi ba.
Ran Lahadi kowane gida ƙamshi yake,
an goge tayil, an dasa fure a kan kanta.
Talata na zo, biyu da kwata,
ruwa ya ci titin Agege har gwiwa,
danfo ta zubar da mu a hanya,
na ƙaraso da takalmi a hannu.

Matar ofis ta miƙo takarda mai sheƙi,
tsofaffi na dariya, haƙora cif-cif.
Na ce ta ajiye.
Ni 'yar mai goro ce.
Tun ina goyon ƙanne Baba ya ce min:
Tabawa, goron saman huhu ɗan talla ne,
tura hannu ƙasa.

Ɗaki na shida.
Ga Alhaji Mati, wanda muryarsa ke tsayar da tirela,
hawan jini ya karɓe ɓarin dama
ya haɗa da rabin harshe.
Na ce, Baba, ka yafe ni,
na ɗaga zanen gado.
Dugadugai. Ƙugu. Tsakanin kafaɗu.
Duk inda gyambon kwanciya ke fara laɓewa.
Babu.
An yanke farce. An taje gemu,
ba yadda yake so ba, amma an taje.

Kofin ruwa kuwa yana dama,
gefen hannun da ba ya amsa kira.
Tun yaushe?
Leɓensa ya ba ni amsa.

Na danna ƙararrawa, na ɗauko carbi.
Talatin da uku.
Talatin da uku.
Ana cikin na ukun Nepa ta ɗauke,
fanka ta yi ajiyar zuciya ta tsaya,
wata na'ura a ɗakin gaba ta shiga kuka
har janareta ya gama tari.

Sannan Sista Morenike ta shigo da gudu,
safar hannu ɗaya a cire.
Gado goma sha huɗu, ita kaɗai, tun asuba.
Na shirya mata magana mai zafi tun daga bakin ƙofa.
Sai ta durƙusa ta ce, Sannu, Baba,
Hausarta ke nan duka,
kuma na ga gadon ya karkace daga jikin bango.
Ashe mai gadi ta tambaya ina ne gabas.
Kan loka ga dutse mai santsi, na taimama.
Maganar ta koma ciki.

Amma ba Baba ne ƙasan huhu ba.
Baba na da ni, sun san ina da baki.
Gadon taga na duba,
wani Pa Adekoya, tsohon ma'aikacin reluwe,
'ya'ya a ƙetare, kuɗi na zuwa kan lokaci,
ƙafa ba ta zuwa.
Shimfiɗarsa a bushe.
Kokonsa ya yi fata, cokali a tsaye,
yana kallonsa kamar jirgin da ya wuce tasha.
Na ba shi loma bakwai.
Ya kira ni da sunan wata.

A unguwa suna cewa na kai ubana ajiya.
Su zo su ga ɗakina, hawa na uku,
yara huɗu, bayi ɗaya na gida goma,
su ɗauke shi a baya su sauko, sau ɗaya tak.
Duk da haka maganar na cizo da dare.

A bakin fita aka ba ni fom:
mai kyau, matsakaici, ko akasin haka.
Ina layin kofi? Ina layin dutse?
Na rubuta: ruwa a hagu.
Na ja layi biyu a ƙasa.

Baba ya riƙe min wuyan hannu da na hagun,
ya matsa, yadda yake gwada goro.
Ban san me ya samu ba.

Alhamis zan dawo.
Da dare.