Muryar Tsakiya

Mu uku ke ɗaukar waƙa a Mestiya:
ni a ƙasa, Otar a sama, Jumber a tsakiya.
Duwatsun murhu ne mu,
janye ɗaya, tukunya ta tuntsure.

Lokacin tonon dankali abin ya soma.
Mura ce, in ji shi, ya naɗa ƙyalle a wuya.
Sai zazzaɓi, sai zogi ya haura har kunne,
haɗiyar yawu ta zama aiki,
maɓallin wuyan rigarsa ya ƙi shiga kafa.
Tsiyala ta dafa masa madara da zuma,
ya karɓa hannu na rawa kamar wanda ya yi ƙarya.

Muka gangara Zugdidi, muna bin kogin Inguri,
ba wanda ya taɓa rediyon mota.
Likita ta shafa masa mai mai sanyi a maƙogwaro,
ta juyo mana da allon na'ura:
ga wata 'yar tsoka mai fiffike biyu,
sai ka ce malam-buɗe-littafi
ya sauka a kan hanyar numfashi.
Cuta ta shige ta, ta ce, ta kumbura,
ta danne jijiyar da ke bayanta,
jijiyar nan kuwa ita ce linzamin igiyar murya.
Ta hagu ta ƙame.
Ta dama kaɗai ke kai gwauro tana kai mari.

Za ta dawo? Ni na tambaya,
shi ba shi da abin tambaya.
Ta ce a sha magani, a yi shiru,
ko raɗa kada ya yi, raɗa ma wahala ce.

Dusar ƙanƙara ta toshe hanya wata uku.
A bikin ɗan maƙwabci muka tashi mu biyu,
na riƙe ƙasa, Otar ya haye sama,
tsakaninmu wani rami,
har yara suka ji iska na shiga.
Jumber na zaune, yana bugun tebur da yatsa ɗaya,
bai kuskure ko gaɓa ba.

Jiya da asuba ina gyaran shinge
na ji an kira sa daga garke,
murya a dushe, kamar ƙofar da ta kwana cikin ruwa.
San ya ɗaga kai, ya yi jim,
sannan ya taho.

Ban gaya wa Otar ba tukuna.